Muhawara: kwamfuta za ta iya tsara mana jerin aiki a masana'anta?

Injiniya Kabiru: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga malamanmu na jami'a da ke wannan zaure, da kuma dattawan da suka daɗe a masana'antu. Ni ke kula da sashen sarrafa kaya a wani kamfanin roba a Sharaɗa, muna yin buta da bokiti da baho da kujeru. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne jerin aiki. Duk sa'ad da za mu sauya kala ko mu sauya mol, wato ƙarfen da ke ba kaya siffarsa, dole inji ya tsaya. Daga fari zuwa baƙi ba wuya. Amma daga baƙi ko ja zuwa fari, sai mu yi ta tura roba tana fitowa dabbare-dabbare har bututun injin ya wanke, kuma duk abin da ya fito a lokacin sai dai a niƙe a sake. Ga diloli kowa na cewa nasa za a fara. Wani ɗalibi da ya zo mana koyon aiki ya ce akwai abin da ake kira jenetik algoridam, wai zai fitar mana da jerin da ya fi kowanne. Gaskiya ne, ko kuwa zancen aji ne kawai?

Nura: Wa alaikumus salam Injiniya. Gaskiya ya faɗa maka, a kan irin wannan nake aikin digirina na biyu. John Holland na Jami'ar Michigan a Amurka ne ya shimfiɗa dabarar a littafinsa na 1975. Kwamfuta za ta fara da jeri daban-daban, a ce ɗari, ta haɗa su barkatai. Ta auna kowanne: awa nawa inji zai tsaya, roba nawa za a yi asara. Sai ta zaɓi masu dama-dama, ta yanki rabin wannan ta haɗa da rabin wancan, a samu sababbin jeri. Jefi-jefi ta musanya ayyuka biyu haka kawai don kada a maƙale wuri guda. Ta maimaita sau dubbai, jerin na ƙara kyau. Akwai 'yan uwanta kuma. Akwai dabarar tururuwa ta Marco Dorigo a Italiya, 1992. Akwai ta garken tsuntsaye ta Kennedy da Eberhart, 1995. Akwai wadda aka kwaikwayo daga yadda ake sanyaya ƙarfe a hankali bayan an gasa shi, masu bincike a IBM suka wallafa ta a 1983. Idan aka haɗa su da fazi lojik (lissafi da kalmomi irin su "kaɗan" da "sosai") da niyural netwok (tsarin da ke koyo daga misalai), shi ne abin da ake kira lissafi mai sassauci: ba a dage sai an sami amsar da ba ta da na biyu ba, a sami mai kyau cikin lokacin da ake da shi.

Dokta Amina: Kafin a kai ga sunan dabara, Injiniya, injuna nawa ne, ayyuka nawa ne a mako, kuma kowane kaya inji nawa yake bi kafin ya zama kaya?

Injiniya Kabiru: Injuna biyar ne Dokta. Ayyuka kan kai talatin a mako in aka ƙirga kowace kala daban. Kowane kaya inji guda yake bi, sai dai mol ɗin kujera babban inji ne kaɗai ke ɗaukarsa, kuma mol ɗin buta guda ɗaya gare mu, ba a raba shi biyu.

Malam Isyaku: Ku yi haƙuri in sa baki. Na yi fiye da shekara ashirin a masaƙa a Kaduna, a sashen rini na gama. Wannan abin da Kabiru ke faɗi ba sabo ba ne. Tun muna yara aka koya mana: fara da fari, ka bi da ruwan ƙwai, da ruwan goro, da ja, da kore, da shuɗi, ka rufe da baƙi. Ka wanke ranar Asabar, Litinin ka sake farawa. Ba mu taɓa buƙatar tururuwa ta koya mana wannan ba. Ɗana Kabiru, je ka tambayi mafi daɗewa a cikin masu kula da injunanka, zai rubuta maka jerin a bayan kwali.

Injiniya Kabiru: Baba, haka muke yi in an bar mu. Amma ana tsakiyar shuɗi sai a ce dila na son farin bokiti dubu biyu jibi, motarsa za ta Maraɗi. Daga nan tsarin ke rushewa.

Dokta Amina: Abin da Malam Isyaku ya faɗa ba wasa ba ne, shi ma dabarar lissafi ce, kuma duk abin da za a kawo dole a fara gwada shi da ita. In sabuwar hanya ba ta fi bayan kwalin nan ba, ba ta da amfani.

Bari in bayyana dalilin tambayoyina. Ɗauki inji ɗaya da ayyuka 12. Hanyoyin jera su sun kai 479,001,600. Wannan adadin ne ke tsorata mutane, sai a ce musu ai ba yadda za a yi sai jenetik. Ba haka ba ne. Jera ayyuka a inji ɗaya, inda lokacin sauyi ya dogara ga abin da ya gabata, daidai yake da tsohuwar matsalar ɗan kasuwa mai zagaya garuruwa yana neman hanya mafi gajarta. Kala ita ce gari, lokacin wanke bututu shi ne nisa, bambancin kawai zuwa da dawowa ba ɗaya ba ne. Tun 1954 Dantzig da Fulkerson da Johnson suka warware ta garuruwa 49, kuma suka tabbatar babu hanyar da ta fi tasu. A 2006 an warware mai wurare 85,900, ita ma da tabbaci. Ba bin hanyoyin ake yi ɗaya bayan ɗaya ba, lissafi ne ke yanke miliyoyinsu lokaci guda, ya ce duk wannan ɓangaren ba za a sami alheri a ciki ba.

Don haka injuna biyar da ayyuka talatin, ni zan fara da manhajar da ke neman amsa tabbatacciya. OR-Tools ta Google kyauta ce. Abin da nake so game da irin wannan hanya shi ne, ko ka tsayar da ita ba ta gama ba, za ta ce maka ga jerin da na samu, kuma komai wuya mafi kyawun jeri ba zai fi shi da sama da kaza cikin ɗari ba. Jenetik ba ta iya gaya maka wannan. Za ta miƙo maka amsa, amma ba ta san ko ta kusa ko tana nesa ba.

Nura: Allah ya ƙara basira Malama, amma ina da ja. Ƙaramin adadi ba ya nufin sauƙi. Matsalar nan ta ayyuka 10 da injuna 10 da ta fito a littafin Muth da Thompson a 1963, ai sama da shekara ashirin ta yi ba a tabbatar da amsarta ba, sai da Carlier da Pinson suka wallafa warwararta a 1989. Goma sau goma kacal.

Dokta Amina: Ka kawo hujja mai kyau Nura. Amma duba siffarta: a can kowane aiki sai ya bi injuna goman duka, kowanne da nasa jerin, wannan na jiran wancan. Shi ya sa na tambayi Injiniya inji nawa kaya ke bi. Nasa guda ne. Kuma ita goma sau goman, kwamfutar cinya ta yau na gama ta kafin ka sha shayi. Ban ce dabarunku ba su da gurbi ba. In ayyukan sun kai ɗaruruwa, sharuɗɗan suka yi yawan da ba sa rubutuwa a lissafi miƙaƙƙe, ko kuma sai ka kwaikwayi masana'antar a kwamfuta kafin ka san kyawun jeri, nan ne gidansu. Hukumar NASA ta yi amfani da irin wannan dabara ta ƙera eriyar wasu ƙananan taurarin ɗan'adam da ta harba a 2006, siffar da ta fito kamar lanƙwasasshiyar waya, ba injiniyan da zai zana ta da hannu. Wannan aikinsu ne. Amma ba a ɗauko tirela don kai buhu ɗaya kasuwa.

Hajiya Binta: Salamu alaikum. Ina bin zancen nan tun ɗazu. Ni abincin kaji nake haɗawa a Zariya. Masara, kek ɗin waken soya, dusar alkama, ƙuli-ƙuli, garin ƙashi, laimiston, da sauran tarkace. Farashi ba ya kwana biyu wuri guda, musamman daga damina zuwa kaka. Wacce ce tawa a cikin dabarun nan?

Dokta Amina: Hajiya, taki ce mafi daɗi, don an gama da ita tun kafin a haife mu. Kina neman haɗi mafi araha, bisa sharaɗin furotin kada ya gaza kaza, kalsiyam kada ya gaza kaza, dusa kada ta wuce kaza. Masu ƙwai na son furotin wajen kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari da kalsiyam wajen 3.5 zuwa 4. Masara na da furotin wajen 8 zuwa 9, kek ɗin soya wajen 44. In kin ninka buhu, furotin ya ninka, kuɗi ya ninka. Duk abin da ke tafiya haka miƙe, hanyar simfiles da George Dantzig ya fitar a 1947 na ba da amsa mafi araha, ba kusa da ita ba, ita kanta. Tana nan cikin Excel, a abin da suke kira Solver. Wanda ya ce miki sai jenetik a kan wannan, ɓata miki lokaci zai yi.

Ai matsalar abinci ma na cikin na farko da aka gwada hanyar a kansu. A 1945 George Stigler ya nemi abinci mafi araha da zai riƙe mutum shekara guda, daga kayan abinci 77 da sinadarai 9. Da gwaji da hankali ya sami dala 39.93 a shekara, bisa farashin 1939. A 1947 aka sa ma'aikata tara da injunan lissafi na hannu suka bi hanyar Dantzig, aikin da ya ci kwanakin aiki kusan 120 in aka haɗa na kowa, suka sami dala 39.69.

Malam Isyaku: Madalla, Dokta. Da bakinki kika kawo min shaida. Mutum guda da hankalinsa, mutum tara da injuna, bambancin santi 24 a shekara. To ina ribar?

Hajiya Binta: Baba ya kama ki fa Dokta. Ni ma abin da ya zo min ke nan.

Dokta Amina: Ribar na wuri biyu Malam. Na farko, Stigler ba gama-garin mutum ba ne, masanin tattalin arziki ne da ya zo ya karɓi lambar Nobel a 1982, kuma sau ɗaya ya yi lissafin. Hajiya kuwa duk ranar da masara ta motsa a Dawanau sai ta sake. Abin da ya ci wa mutum tara kwanaki, yanzu ƙiftawar ido ne. Na biyu, shi Stigler da kansa bai san ya kusa ba, sai da aka yi lissafin tabbas aka gane. Sannan lissafin na gaya miki abin da ƙwarewa ba ta faɗi a sarari: dawa sai ta sauko zuwa nawa kafin ya dace ta maye gurbin masara, kuma ƙara furotin kashi ɗaya nawa zai ci miki a kowane tan. Da wannan ake shiga kasuwa.

Hajiya Binta: Wannan na ƙarshen shi nake so. Sai dai kek ɗin soyan da nake saya ba kullum yake kai 44 ba, wani lokacin daga kalarsa da warinsa nake gane an gauraya shi.

Dokta Amina: To ki kai samfuri a auna miki lokaci-lokaci, ki sa abin da aka auna, ba na littafi ba. In kika ba ta 44 alhali 38 ne, za ta haɗa miki abinci mafi araha wanda kajinki za su rage ƙwai a kansa.

Injiniya Sadik: Ni ina ɓangaren sarrafa injuna a kamfanin siminti, kuma ina ganin an bar wani reshe a baya. Dokta da Nura suna magana a kan matsalar da aka riga aka rubuta da lambobi. Akwai wadda ilminta ke cikin kan irin su Malam Isyaku, ba ya kan takarda. Murhun siminti dogon bututu ne mai juyawa, zafin cikinsa na kai wajen digiri 1,450. In ka ƙara wuta yanzu, ba za ka ga sakamako ba sai an jima. Ƙwararren mai kula da murhun ba lissafi yake yi ba, cewa yake: in zafi ya ɗan yi ƙasa, iskar oksijin kuma ta yi yawa, ƙara mai kaɗan. "Ɗan yi ƙasa" da "kaɗan" ba lambobi ba ne. Lotfi Zadeh na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya nuna a 1965 yadda za a ba irin waɗannan kalmomi awo, abu ya zama zafi da daraja tsakanin sifiri da ɗaya maimakon e ko a'a, wannan shi ne fazi lojik. Ebrahim Mamdani a Landan ya gwada abin a kan ƙaramin injin tururi a tsakiyar shekarun 1970. Wajen 1980 kamfanin F.L. Smidth na Denmak ya sa shi a murhun siminti, da ƙa'idojin da aka tattaro daga yadda masu kula da murhun ke aiki. A 1987 jirgin ƙasan birnin Sendai a Japan ya fara tafiya da tsarin Hitachi mai irin wannan lissafi wajen tashi da tsayawa. Don haka Baba, fazi lojik ba kishiyarku ba ce, hanya ce ta rubuta abin da kuka sani don kada ya bi ku gida ranar ritaya.

Malam Isyaku: Wannan na yarda da shi. Mutane nawa muka rasa da iliminsu. Akwai wanda da jin ƙarar inji zai ce maka beyarin zai mutu kafin Juma'a, kuma ya mutu. Ba wanda ya taɓa zama da shi da biro.

Injiniya Kabiru: Injiniya Sadik, to ko fazin nan zai taimaka da batun wuta? Don ita ce ɗaya matsalar. In ta ɗauke ana tsakiyar aiki, kafin janareta ya ɗauka a daidaita komai, robar ta fara sandarewa a bututu, kayan farko da za su fito duk na niƙa ne. Kuma tun da aka kai kuɗin wutar Band A naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, ko dumama bututu da safe sai da lissafi.

Injiniya Sadik: Zai yiwu. Ka raba yini zuwa lokacin da wuta ke da tabbas sosai, da mai tabbas kaɗan, da marar tabbas, ka ce aikin fari mai tsawo kada ya faɗa marar tabbas.

Dokta Amina: Nan kam na saɓa maka Injiniya Sadik. Ɗaukewar wuta ba abu ne mai duhun ma'ana ba, ko ta ɗauke ko ba ta ɗauke ba. Abin da ba mu sani ba shi ne yaushe. Wannan aikin ƙididdiga ne: a rubuta lokacin ɗaukewa da dawowa na wata uku, a ga sau nawa take tafiya tsakanin azahar da la'asar. Fazi na da kyau inda kalmar ce ba ta da iyaka, kamar "zafi" ko "gaggawa". Abin da nake gani a takardun ɗalibai shi ne, duk inda aka yi ƙyuyar tattara bayanai sai a lulluɓe wurin da fazi, a zauna a ofis a ƙaga lambobin.

Injiniya Sadik: Ban ƙi ba in akwai bayanan. Amma Kabiru gobe zai buɗe kamfani, ba zai jira wata uku ba. Masu aikinsa sun riga sun san lokutan da ba a yarda da wuta. A fara da saninsu, in bayanai sun taru a gyara.

Dokta Amina: In dai za a gyara ɗin, na amince. Yawanci ba a komawa.

Injiniya Kabiru, saura tambayar da ta fi duk waɗannan. Me kake so a rage? Robar da ake niƙewa, ko jinkirin kayan diloli, ko gas ɗin janareta? Jerin da ya fi rage asarar roba zai sa mai farin bokiti ya jira Litinin. Jerin da ya faranta masa zai sa ka wanke bututu sau biyu. Ba kwamfutar da za ta zaɓar maka tsakanin biyun. Sai ka gaya mata jinkirin kwana ɗaya daidai yake da asarar kilo nawa.

Injiniya Kabiru: Wallahi wannan ba a hannuna yake ba, na maigida ne. Kuma akwai dilan da suka fara tare tun kamfanin na da inji ɗaya. In ya kira, ko me ake yi sai a sauke.

Malam Isyaku: Kuma daidai ne a sauke. Wanda ya ɗauki kayanka lokacin da ba mai so, ba ka sa shi a layi.

Dokta Amina: Ai wannan ma yana rubutuwa Malam, a ba aikinsa nauyin da ya fi na kowa. Abin da za a ƙaru da shi kawai shi ne maigida ya ga a takarda nawa alfarmar ke ci, ya yi ta da saninsa. Wataƙila ma ya ga gara ya riƙa ajiye farin bokiti a sito saboda wannan dilan, ya huta da sauke mol.

Nura: Malama, to ni ina makomata? Shawarar da aka ba ni ita ce in haɗa dabarar kyarkeci da ta kifin wel, 'yan uwan ta tururuwa, in gwada a kan matsalolin gwaji na intanet, wai ya fi saurin fita a mujalla.

Dokta Amina: Ba zan shiga tsakaninka da mai duba aikinka ba, amma ga ra'ayina. Tun 1997 Wolpert da Macready suka nuna cewa in aka haɗa dukkan matsalolin da za su iya yiwuwa, babu dabarar laluben da ta fi wata. Fifiko na zuwa ne daga yadda dabara ta dace da siffar matsalar da ke gabanka. A 2015 Kenneth Sörensen ya yi rubutu mai zafi a kan wannan yayi na ɗauko sunan dabba a liƙa wa tsohuwar dabara, aka kuma sami masu binciken da suka kwance wasu daga cikinsu suka nuna ba sabon abu a ciki sai suna. Ga masana'anta ta gaske a gabanka, da mol guda da inji biyu ke so, da wutar da ba ta da alƙawari, da dila mai alfarma. Rubuta wannan da kyau. Ka gwada hanya uku a kan makonnin da suka riga suka wuce: ta Malam Isyaku, ta OR-Tools, da jenetik ɗinka wadda ka fara ta da jerin fari zuwa baƙi maimakon barkatai. Sai an gwada akan san na ƙwarai. In taka ta ci, ni ce ta farko da zan karanta.

Nura: Injiniya Kabiru, in maigida ya yarda, zan so in zo. Abin da zan fara buƙata shi ne jadawalin sauyi: kowace kala a gefe, kowace kala a sama, a tsakiya minti nawa da kilo nawa. Sai lokacin sauke kowane mol da ɗora shi, da odar makonnin baya da ranar da aka yi alƙawari.

Injiniya Kabiru: Odar na nan a littafi. Lokacin sauyi ne ba mu taɓa rubutawa ba, kowa kintace yake yi. Zan yi wa maigida magana gobe in Allah ya kai mu, in kuma haɗa ka da ɗalibin namu ku yi tare.

Malam Isyaku: Nura ɗana, in ka je, kada ka karɓi lambobin daga ofis. Tsaya gindin injin da agogo a hannunka, daga bokitin ƙarshe mai kyau na tsohuwar kala zuwa bokitin farko mai kyau na sabuwa. Kuma ka kwana da 'yan aikin dare ko sau biyu ne. Da rana makaniki na kusa, da dare sai an je an tashe shi, ga sarƙar ɗaga mol mutum biyu ke ja maimakon huɗu. Ka ware wa dare nasa jadawalin daban.